Ranar da Aka Sa Ni Neman Saniya a Kwamfuta

Ina cikin lallashin wata hajiya ta ɗaga haɓa in ɗauke ta hoton fasfo, a 'yar rumfata da ke unguwar Nyohini, sai wayata ta yi ƙara. Taubashina ne, ɗan kawuna, dillalin shanu. Tun muna yara bai taɓa kirana bai fara da tsiya ba. Gaisuwarsa ita ce, "Tsohon banza, har yanzu kana nan kana cinye mana abinci?" To, ranar sai ya yi min cikakkiyar sallama, har da tambayar iyali. Nan na san ba lafiya ba.

Ya ce, "Hotunan sunan nan da na kai ka ruga, can bayan Sagnarigu, suna nan?"

Na ce, "Wane suna? Ni kullum cikin suna nake. Mutanen garin nan ba sa hutawa."

"Da rani. Ranar da babur ya kayar da mu cikin yashi."

"Ranar da ka kayar da mu dai."

Bai rama ba. Ya ce, "Ɗauko kwamfutarka ka zo kasuwa yanzu. Don Allah, ɗan'uwa." Ina jin hayaniya a bayansa, wani yana ta maimaita magana ɗaya da ƙarfi.

Hajiya ta tafi da hoton da haɓarta ke ƙasa. Har yau in mun haɗu sai ta yi min ƙorafi.

Bari in gaya muku sana'ar taubashina, don in ba ku san ta ba ba za ku gane abin da ya sa muryarsa ta mutu ba. Aikinsa nemowa ne. Mai saye ya zo ya ce yana son saniya mai kaza da kaza, shi zai nemo. Makiyayi ya fito daga daji da dabbarsa bai san kowa ba, shi zai nemo masa mai saye, ya ci la'adarsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba, dillali tsaya wa mai sayarwa yake yi. Da zarar ya ɗaure dabba a turkensa, ya ce wa duk kasuwa ke nan, na san mutumin nan, dabbarsa ce. In daga baya aka ce ta sata ce, ba mai saye ake riƙewa ba, dillali ake riƙewa. Ko ya kawo mutumin, ko ya kawo shaida. In ya kasa, sarkin kasuwa ya tuge turkensa, kuma kafin ya isa gida labarin ya riga shi zuwa Kumasi. Babu kasuwar da za ta sake karɓarsa. Shi kuwa turken nan gadonsa ya yi daga kawuna, kuma ban da shi ba abin da ya iya a duniya. Ko ƙwan lantarki ya mutu a gidansa, ni ake kira.

Na ɗaura kwamfuta a baya kamar goyo, na hau babur.

Ƙarshen damina ne, kasuwar duk taɓo. Tun daga nesa na ga inda abin yake, don kowa ya bar cinikinsa ya taru wuri ɗaya. Sarkin kasuwa na zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano. Taubashina na tsaye gabansa, hularsa a hannu. Can gefe ga saniyar a ɗaure, ja, mai farin goshi, ƙahonta na dama a karye. Kusa da ita wani dattijon Bafulatani ya tsuguna, siriri, sandarsa a kan gwiwa. Masu maganar samari ne da suka rako shi, su ma kowa da sanda, kuma ba dogarawa suke yi da ita ba. Ga babbar mota ta juyo da baya ana loda shanu. Wanda ya sayi saniyar, wani ɗan kasuwa daga Kumasi, yana ta zagaye yana faɗa a waya cikin yarensu na Asantanci.

Taubashina ya ja ni gefe ya ba ni labari a gurguje. Wani saurayi makiyayi, wanda ya saba kawo masa awaki da tumaki, shi ya kawo saniyar da safe. Aka yi ciniki, ya tafi. Ana shirin loda ta sai ga dattijon nan ya zo wucewa, ya tsaya, ya yi wani ɗan sauti da baki, saniya ta juyo ta yi masa kuka. Ya ce tasa ce, ta ɓace daga garkensa tun farkon damina. Ya nuna tsagar kunnenta, samarin suka ce irin ta gidansu ce. An buga wayar saurayin, a kashe. An tura mai babur rugarsu, ya dawo ya ce sun tashi, ba kowa sai toka da turaku. Sarkin kasuwa ya ce mota za ta tashi bayan la'asar, kuma kafin ta tashi zai yanke magana.

Taubashina ya ce, "Amma na tuna. Ranar sunan ɗansa, da na kai ka, akwai jar saniya mai karyayyen ƙaho a bayan bukka. Da idona na gan ta. In tana cikin hotonka tun rani, ai ba ita ce ta ɓace da damina ba."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Ka nemo ta kawai."

Na zauna a ƙarshen bencin mai shayi, na buɗe kwamfuta a kan cinya. Jama'a suka matso. Sai dai rana ta yi tsaye, gilashin ya koma madubi, ba abin da nake gani sai fuskata da ta mutum goma a bayana. Na karkata nan, na karkata can. A banza. Sai wata mai sayar da nono ta kwance mayafinta ta miƙo min, ta ce, "Mai hoto, lulluɓa." Na lulluɓe kaina da kwamfutar gaba ɗaya. Wani ya ce, "Yau ga boka." Aka ɗan yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Ni fa da fim na koyi hoto, a Kumasi, wurin wani tsoho da yake lulluɓa baƙin zane haka in zai ɗauki mutum. Na yi yawo da kyamara har Wagadugu da Abijan, na yi shekaru a Kano, na ɗauki amare na ɗauki gawa. Amma kwamfuta da girmana na same ta, kuma zaman haƙuri muke yi. Akwai wani ɗan gurbi a samanta, in ka rubuta sunan abu sai ta nemo maka. To, ni ban taɓa raɗa wa hoto suna ba. Ina juye su ne kawai daga kyamara, ita ta sa musu lambobinta. Ni a kaina nake ajiye su: bikin da aka yi ruwa, sunan da aka ba mu nama mai gishiri. Ita kuwa ba ta san gishiri ba. Don ruɗewa, wallahi, sai da na rubuta "saniya" a gurbin nan. Ta ce min babu.

Sai na koma buɗe folda ɗaya bayan ɗaya. Amaren unguwar Gumbihini. 'Yan makaranta da kwalayensu. Wani alhaji da ya sa na ɗauke shi tare da sabon firjinsa. Zufa tana ɗiga daga hancina a kan maɓallai. Mayafin yana warin man shanu da hayaƙi. A waje ina jin ƙarar ƙafafun shanu a kan katakon mota, kowace ta hau sai an yi ihu an buga ƙarfe. Ina jin ɗaya daga cikin samarin yana cewa, "Wasa suke mana da hankali. Ɓarawo da ɗan'uwansa." Wani dillali ya ce masa ya iya bakinsa. Sanduna suka motsa, na ji sarkin kasuwa ya daka tsawa, aka yi shiru.

Aka kira azahar. Na fito daga mayafi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Muka yi salla a kan buhuna, ni da taubashina kafaɗa da kafaɗa. Dattijon ya yi tasa can kusa da saniyar. Ana sallamewa na koma ciki.

Can sai ga su. Bukkoki, ƙoren nono a jere, mata da 'yan kunne har kafaɗa. Na ce, "Na samu!" Taubashina ya cusa kansa cikin mayafin, muka zama mu biyu, gemunsa yana sukar kunnena.

Nan na ga aikin hannuna. Wanda ya koyi hoto da fim ba ya ɓarna. Tsohon da ya koya min yakan ce in kanga ido a 'yar tagar leƙen nan ta kyamara, in rufe ɗaya idon, in matsa har sai mutum ya cika tagar, sannan in danna. Bango, bishiya, akuya, duk ba su biya kuɗin hoto ba, kar su shiga. Shekara da shekaru haka nake yi, har yanzu da fim ya ƙare kuma dannawa kyauta ce. Saboda haka ruga guda cike da shanu, amma hotunana fuska ne, fuska, fuska. Ga maijego. Ga kaka. Ga wanzami. Ga taubashina da kansa ya cika baki da nama.

Ya ce, "Kai, ba ka ɗauki shanun ba?"

"Suna aka gayyace ni, ba kiwo ba."

"Ci gaba. Ci gaba."

Kusan a ƙarshe muka same ta. Wata tsohuwa ce na ɗauka tana dariya, a bayan kafaɗarta kuma ga kan saniya ya leƙo, ja, ƙaho ɗaya a karye. Taubashina ya damƙe hannuna har ya yi min zafi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ita ce."

Na jawo hoton, na ƙara masa girma. Kan saniyar ya cika gilashin. Na ɗaga gefen mayafi na leƙi wadda ke ɗaure, na dawo. Na sake leƙawa.

Na ce, "Ɗan'uwa, wannan goshinta ja ne. Waccan fari."

"Inuwa ce."

"Kuma na hagu ne ya karye."

Ya ƙura wa hoton ido. Ina jin numfashinsa. Sai ya ce, a hankali yadda ba wanda zai ji, "Mayar da shi ƙarami. Yadda yake da farko. Ka ɗaga musu daga nesa, rana na dukan gilashin. Ja ce, ƙaho a karye. Wa zai tsaya duba goshi?"

Ba zan ɓoye muku ba, na duba hoton a ƙaramin, kuma da zai wuce a wurin mutane da yawa. Mutumin nan tare aka yi mana kaciya. Uwarsa ta goya ni. Na san yawan bakin da ke jiran tuwo a gidansa.

Na ce, "In na ɗaga wannan, na ce wa tsohon can maƙaryaci ke nan a gaban kasuwa. Kai ka ji kukan da ta yi masa."

"To in yi yaya? In koma sayar da ruwan leda?"

"Ba za ka iya ba, kai za ka shanye."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya zare kansa ya fita. Na bi shi.

Sarkin kasuwa ya dube ni. Ya ce, "Mai hoto, me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai saniya, amma ba wannan ba ce."

Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Samarin suka yo gaba, dillalai suka tare su, aka fara ture-ture, wani ya zame cikin taɓo. Ɗan Kumasi yana ihu a ba shi saniyarsa ko a san yadda za a yi da shi. Taubashina na tsaye kawai, bai ko kare kansa ba. Na ga wani yaron sarki ya nufi turken ya dafa shi, yana jiran a ce ya tuge.

Sarkin kasuwa ya ɗaga hannu har aka lafa. Mutum ne mai sanyin magana, ya tsufa a cikin shanu. Ya ce min, "Saniya ba ta fito ba. Shi wanda ya kawo ta fa, ya fito?"

Na ce, "Shi kam har ya yi yawa."

Ya dubi dattijon ya ce, "A nuna wa Baffa. In ma ɓarawo ne, a san fuskar da za a nema."

An riga an faɗa wa dattijon sunan saurayin tun da safe, amma laƙabin kasuwa ne, wanda dillalai suka liƙa masa saboda wata hula da yake sawa. Bai san mai shi ba.

Dattijon ya miƙe, ya jingine sandarsa, ya zo ya zauna kusa da ni. Na ce, "Baffa, sai ka yi haƙuri ka shigo, a waje ba a gani." Na ja mayafin a kanmu.

Na buɗe hoton. Na tuna wahalar da na sha kafin in same shi. Saurayin ya ƙi yarda ya tsaya kusa da jaririn, kunyar ɗan fari, sai da na yi ta tsokanarsa, mata suna dariya, sannan ya tsaya gefen kakar da ke riƙe da yaron, ya kawar da kai, yana murmushin dole. Fuskarsa ta fito tas, har ɗan tabon da ke girarsa.

Dattijon bai motsa ba. Hasken gilashin na kan fuskarsa, ni kuma ina kusa da shi fiye da yadda ya kamata mutum ya kusanci wanda bai sani ba. Na dubi hoton, na dube shi. Dogon hancin nan ɗaya. Yadda kunnuwan suka ɗan buɗe, ɗaya. Na ɗauki fuskoki da yawa a rayuwata, ba sai an gaya min ba.

Ya ɗaga yatsa, bai taɓa saurayin ba, ya nuna ƙunshin zanen da ke hannun kakar. Ya ce, da wata murya can ƙasa, "Namiji ne ko mace?"

Na ce, "Namiji, Baffa."

"Ƙara masa girma."

Na jawo fuskar jaririn. Ba wani abin kallo, jariri ne na kwana bakwai, an aske shi, ya yamutsa fuska yana barci. Dattijon ya daɗe yana kallo. A waje an gama loda sauran shanun, ina jin direba yana tayar da mota yana kashewa. Wani ya ce, "Sun yi barci ne a ciki?" Hannuna ya gaji da riƙe mayafin amma ban sauke ba.

Dattijon ne ya yaye shi da kansa. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya je gaban sarkin kasuwa.

Ya ce, "Sarki, saniyar gidana ce. Wanda ya kawo ta ma na gidana ne. Ni na ba shi ita, tsufa ya sa na manta. Dillali ba shi da laifi."

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baffa, yaushe ka ba—"

Dattijon ya juya ya dube shi kawai. Yaron ya haɗiye sauran.

Babu wanda ya yarda da mantuwar nan, har awakin kasuwa. Mutumin da saniya ta amsa masa daga cikin ɗaruruwa ba ya manta wadda ya bayar. Amma sarkin kasuwa ya gyaɗa kai kamar ya ji magana mafi dacewa a duniya. Ya ce, "Mantuwa ta kowa ce, Baffa. Allah ya ƙara girma." Ya ce wa yaronsa ya ɗauke hannu daga turken. Ya ce wa ɗan Kumasi ya loda kayansa.

Sai da mutum huɗu suka taru kafin saniyar ta hau katakon. Tana ta juyowa. Dattijon bai tsaya kallo ba, ya bi ta bayan rumfunan ya fita, samarin na biye da shi, sanduna a ƙasa.

Mai nonon da ta ba ni mayafi ita ta ƙarasa min labarin, tana ninke mayafin. Saurayin nan ɗan dattijon ne na fari. Sun sami saɓani shekarun baya a kan rabon shanun uwarsa da ta rasu, ya tashi ya koma wurin surukansa, ko sunan jikan ba a aika wa tsohon ba. Na ce, to me ya hana shi cewa ɗana ne, a wuce wurin? Ta dube ni kamar na tambayi abin da ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ta ce, "Ɗan fari? Ai har ya mutu ba zai kama sunansa ba. Shi ma yaron ba zai kama na uban ba."

Na goya taubashina a babur zuwa gida. Muka wuce Gumbihini. Sai wajen wata mai soya doya ya ce in tsaya. Ya sayi doya da yaji, ya ci, ya ci, bai miƙo min ba. Da ya gama ya share hannu a rigata, ya ce, "Da ka ɗaga hoton nan da tuni mun daɗe a gida."

Na ce, "Da tuni muna asibiti."

Ya ce, "Tsohon banza. Ruga guda, ka rasa saniyar da za ka ɗauka sai ta maƙwabta."

Ya yi kwanaki yana jin haushina, na sani, ko da yake bai sake tayar da maganar ba. Turkensa na nan. Saurayin bai ƙara zuwa kasuwar ba, kuma makiyayan ɓangaren dattijon sun daɗe suna kai dabbobinsu wurin wasu dillalan kafin su fara dawowa ɗaya-ɗaya. Yanzu ya fito da sabuwar doka: duk saurayin da ya kawo masa dabba, kafin ya ɗaure sai ya tambaye shi, "Wane ne ubanka?" Su kuwa sai su sunkuyar da kai, su yi ta haƙar ƙasa da sanda. Ya yi ta tambaya, su yi ta murmushi. Ƙarshe dai ya gaji, ya karɓi igiyar ya ɗaure.